Kurakuran da ɗalibai ke yi wajen raɗa wa binciken ƙanƙara suna

Idan malami ya ce ɗalibai su nemo wa wani bincike na Antaktika (ƙuryar kudancin duniya) ko na yankin Aktik (ƙuryar arewacinta) suna, yawancinsu daɗin kunne suke fara bi. Daɗin kunne na da amfaninsa, amma aikin suna na farko shi ne ya gaya wa mai ji abin da ake bincika da inda ake yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaɓi kalma mai daɗi, sannan a yi ta cusa kalmomi don farkon harufansu su tayar da ita, ko da ba su da alaƙa da aikin. Gyaran shi ne ka fara rubuta jimla ɗaya da ke faɗin aikin, sunan ya fito daga cikinta. Dubi IceBridge, wato gadar ƙanƙara. Tauraron ɗan'adam na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, mai auna ƙanƙara, ICESat, ya daina aiki a 2009, magajinsa ICESat-2 kuma sai a 2018 aka harba shi. Jiragen sama ne suka cike giɓin da ke tsakani, sunan kuwa ya faɗi hakan kai tsaye.

Akwai kuma sunan da ke ɓacewa a intanet. Masanan da suka huda ƙanƙara mai kaurin fiye da mita 1,000 har suka kai Tafkin Mercer da ke ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika a ƙarshen 2018 sun kira aikinsu SALSA. Aiki ne babba, amma wanda ya nemi kalmar ita kaɗai, rawa da miya masu wannan sunan zai fara cin karo da su. Ka gwada sunan a Google tun kafin ka kafe a kansa, in ya nutse, ka haɗa shi da sunan wurin.

Wanda ya fi damuna shi ne sunan da ke yanke hukunci tun ba a fara aunawa ba. 'Yan jarida sun laƙaba wa ƙanƙarar Thwaites da ke yammacin Antaktika laƙabin ƙanƙarar tashin ƙiyama. Haɗarin gaskiya ne, domin in ta narke duka, teku zai ƙaru da kusan santimita 65. Duk da haka masana da dama ba sa son laƙabin, saboda yana sa mutane su ɗauka bakin alƙalami ya riga ya bushe, alhali har yanzu ana binciken saurin abin. Ɗalibin da ya sa "halaka" ko "rushewa" a sunan aikinsa ya ɗaure kansa. In sakamako ya zo da akasin haka, me zai ce?

Haɗa kudu da arewa ma yana faruwa. Farin beyar a Aktik yake, tsuntsun fengwin kuma ba ya zama a can, don haka kada su haɗu a suna ko tambari ɗaya. Aktik kuma gidan mutane ne. Garin Barrow na Alaska ya koma sunansa na harshen Inupiat, Utqiaġvik, a 2016. Kafin ka ari kalma daga harshensu, ka tambayi masu ita.

Sunan barkwanci kuwa yana da inda ya dace. A 2016 sunan Boaty McBoatface ya zo na ɗaya da ƙuri'u 124,109 a zaɓen sunan sabon jirgin binciken Birtaniya, amma aka raɗa wa jirgin sunan Sir David Attenborough, mai gabatar da shirye-shiryen talabijin kan namun daji, aka ba wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku marar matuƙi wancan sunan. Ku ma ku bar na dariya ga na'urarku ko rukuninku, ku sa wa rahoton sunan da mai ba da kuɗin bincike zai iya karantawa a gaban taro.