Darasi na 9: Yadda Ake Kama Wuri a Jirgin Yawon Fiyod na Ƙasar Norway

Sabuwar kalmarmu ta yau ita ce fiyod. Ku faɗe ta sau uku, sannan ku rubuta ta a littafinku.

Fiyod hannun teku ne dogo, siriri, wanda ya kutsa cikin ƙasa tsakanin duwatsu masu tsayi. Dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara mai kauri ta riƙa jan ciki a hankali tana sassaƙe dutse. Da ta narke, ruwan teku ya shigo ya cike kwarin. A yammacin Norway, wanda ya fi tsawo shi ne Sognefjord: kimanin kilomita 205, zurfinsa kuma ya haura mita 1,300. Biyu daga cikin fiyod ɗin ƙasar, Geirangerfjord da Nærøyfjord, hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya a 2005.

To, a ce ɗanku ko 'yarku da ke aiki a waje ta ce za ta kai ku, ko kuma kun yi tanadi da kanku. Da me za a fara? Yawancin mutane da hoton jirgi suke farawa, su ga fitilu da ɗakin cin abinci, su biya. Ni ina roƙonku kada ku yi haka. Ku fara da tambayar daga wace tasha jirgin zai tashi.

Tashar tashi da biza

Norway tana cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da biza ɗaya take shigar da mutum cikinsu. Mai fasfon Najeriya ko na Nijar sai ya nemi wannan bizar. Idan jirgin daga Bergen ta Norway zai tashi, ko Kiel da Hamburg na Jamus, ko Kopenhagen ta Denmark, biza ɗaya ta isa. Amma jirage da yawa daga Southampton ta Ingila suke tashi, kuma Ingila ba ta cikin Schengen. Wanda ya zaɓi wannan, biza biyu zai nema, kuɗi biyu, jira biyu. Idan ɗaya ta fito ɗaya ba ta fito ba, ba za a bar shi ya hau ba.

Ana iya neman bizar Schengen tun wata 6 kafin tafiya, kuma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Dole fasfo ya kasance da sauran wata 3 aƙalla bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga musu hatimi ba. Ana kuma buƙatar inshorar lafiya ta Yuro 30,000 aƙalla. Ba wannan kuɗin za ku biya ba. Adadin da kamfanin inshora ya ɗauki nauyin biya ne idan ciwo ya kama ku a can.

Jirgi iri biyu

Na farko shi ne katafaren jirgin yawon buɗe ido. Misali Iona na kamfanin P&O, mai tashi daga Southampton, yana ɗaukar fasinja fiye da 5,000. Irin waɗannan sukan yi tafiyar mako guda, su yini a gari, su yi tafiya da dare. Suna da lif, da likita, da wuraren cin abinci iri-iri, don haka sun dace da tsofaffi da masu yara. Matsalarsu ita ce girmansu. Nærøyfjord, a inda ya fi matsewa, faɗinsa bai wuce mita 250 ba. Babban jirgi a garin Flåm yake tsayawa, mai son ganin wurin ya sayi tikitin ƙaramin jirgi zuwa Gudvangen, tafiyar kamar awa biyu. A wasu garuruwan ma nesa da gaɓa jirgin yake jefa anga, a riƙa kwaso mutane da ƙananan jirage. Mai ciwon gwiwa ya tambayi wannan tun kafin ya biya.

Na biyu shi ne jirgin gaɓa, wanda tun 1893 yake jigilar mutanen ƙasar da kayansu. Kamfanoni biyu ne ke bin hanyar yanzu, Hurtigruten da Havila. Daga Bergen zuwa Kirkenes a can ƙuryar arewa da dawowa kwana 12 ne, tashoshi 34. Fasinjan kowane jirgi bai kai dubu ba. Wata tashar minti goma sha biyar kawai ake yi, a sauke kaya a wuce; wata kuma, kamar birnin Tromsø na arewacin ƙasar, a yi 'yan awanni. Babu shagulgula da yawa, amma kusan kullum ƙasa tana gaban idonka. In don ganin duwatsu da ruwa mutum ya baro gida, wannan nake ba shi shawara. Sai dai a lura: a watannin Yuni zuwa Agusta ne yake shiga Geirangerfjord, kuma a hanyar zuwa arewa.

Saboda haka ku karanta jadawalin tafiya layi-layi. Rubuta "fiyod" a jikin talla ba ya nufin jirgin zai shiga can ciki. Ku nemi sunayen Geiranger, Flåm ko Olden, ku duba ƙarfe nawa zai iso, ƙarfe nawa zai tashi.

Ɗaki da kuɗi

Ɗakin ciki ba shi da taga, shi ne mafi araha. Sai mai taga, sai mai baranda. Wanda ruwa ke sa wa jiri da tashin zuciya ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benen ƙasa-ƙasa, domin can ne jirgi ba ya girgiza sosai.

Ana fara biyan kafin alƙalami, a cika sauran wata biyu ko uku kafin tafiya. Kafin ku ba da ko kwabo, ku yi wa kamfanin ko ejan wannan tambaya, kuma ku ce a amsa muku a rubuce: "Idan aka hana ni biza, nawa za a mayar mini?" Ku tambayi kuma ko farashin ya haɗa da tukwicin ma'aikata, da abin sha, da yawon cikin gari. Ku karɓi rasit mai lambar rajista, ku shiga shafin kamfanin jirgin a intanet ku tabbatar sunanku yana nan, harafi bisa harafi kamar yadda yake a fasfo. Tikitin jirgin sama kuwa, ku yanke wanda zai kai ku garin tashi kwana ɗaya kafin ranar, domin jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

Daga Mayu zuwa Satumba aka fi zuwa. A Mayu da Yuni ƙanƙarar kan duwatsu tana narkewa, ruwa yana kwararowa daga sama da ƙarfinsa. Ku riƙe rigar ruwa da ta sanyi, don Bergen garin ruwan sama ne. Kuɗinsu kurona ne, amma kusan ko'ina da kati ake biya.

Akwai abin da ya shafi ibada. A Tromsø rana ba ta faɗuwa daga wajen ƙarshen Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli. Musulmi ya zauna da malaminsa tun a gida ya ji yadda zai ƙaddara lokutan salla. Ya kuma sanar da kamfanin irin abincin da yake ci tun lokacin kama wuri. Kifi dai akwai shi a wadace.

Aikin gida

1. Jirgi zai tashi ranar 10 ga Yuni. Wace rana ce ta farko da za a iya neman biza?
2. Jirgi ɗaya daga Kiel, ɗaya daga Southampton. Biza nawa mai fasfon Nijar zai nema wa kowanne?
3. Rubuta wa kamfanin jirgi wasiƙa mai layi huɗu, ka tambayi kuɗin ɗaki mai taga da abin da za a mayar maka idan biza ba ta fito ba.