Kurakuran da Makarantun Sakandare Ke Yi Wajen Haɗa Sana'a da Karatu

Na taɓa leƙa ɗakin koyon kafinta a wata makarantar sakandare ana tsakiyar darasi. Yara sun kai arba'in, teburin aiki biyu ne. Malam ya zana zarto a allo, ya rubuta sunayen sassansa, yara suna kwafa a littafi kamar tarihi ake koya musu. Yaro ɗaya ne ya taɓa katako a ranar, shi ma riƙe wa malam ya yi. Ƙararrawa na kaɗawa aka mayar da zarton na gaske cikin akwati aka kulle. A jadawali an rubuta cewa an yi darasin sana'a.

Lokaci shi ne inda aka fi tafka kuskure, kuma shi aka fi raina wa. Ana ba sana'a minti 40 kamar kowane darasi, a cusa ta tsakanin lissafi da kimiyya. Fito da kaya zai ci minti goma, shara da mayar da kaya su ci goma, bayanin malam ya ɗauki nasa. Me ya rage wa hannun yaro? Maganin ba ya buƙatar ko sisi: a tattara darussan mako su zama zama ɗaya na awa uku, a raba aji gida biyu ko uku gwargwadon yawan teburan aiki. Waɗanda suka ɗauki abin da muhimmanci ba sa rowar lokaci. A Jamus ɗan koyo kan yi kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, ɗaya ko biyu a makaranta. A Ingila, kwasa-kwasan sana'a da ake kira T Level, waɗanda aka fara a 2020, sun wajabta wa ɗalibi aƙalla awa 315 a wurin aiki na gaske, wajen kwana 45 ke nan.

Sai batun kaya. Shugabannin makarantu suna son manyan injuna, don su ake nuna wa baƙi. A kashe kuɗin duka a kan injin, a manta cewa injin ci yake yi. Keken ɗinki na son zare da allura da yadi, walda na son sanduna da wuta, kafinta na son katako da ƙusa, kuma ɗan koyo ɓarna yake yi, dole ne ya yi. Zango ɗaya kayan sun ƙare, bel ya tsinke babu mai gyara, sai a lulluɓe injin da tamfol. Kafin a sayi komai a fara lissafa abin da zai ci a shekara da wanda zai gyara shi. Ƙananan kayan hannu ashirin da kowane yaro zai riƙe sun fi injin guda da za a taru ana kallo.

Malamin fa? Sau da yawa akan duba wanda darussansa ba su da yawa a ce ya riƙe ajin wayarin, alhali bai taɓa haɗa soket ba. Shi ya sa yake fakewa da allo. Ba laifinsa ba ne. Gwanin sana'a kuma, wanda hannunsa ya faɗa, a ce ba shi da takardar koyarwa. A haɗa su mana: gwani ya riƙa zuwa ranar aikin hannu, malami ya riƙe tsari da awo da ka'idojin kariya, shi ma a riƙa tura shi wurin aiki lokacin hutu.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne mayar da ajin sana'a juji. Yaro ya faɗi jarrabawa, a ce a kai shi can. Yara ba wawaye ba ne, nan take suke ganewa, iyaye ma haka, sai mai ƙoƙarin da ke sha'awar kanikanci ya haɗiye sha'awarsa don kada a ce masa daƙiƙi. Daga nan a rage wa 'yan ajin lissafi da harshe wai ba sa buƙata. Wa ya faɗa? Mai wayarin da bai iya lissafin nauyin da waya za ta ɗauka ba gobara yake haɗawa. Tela da bai iya kashi-kashi ba yadin mutane zai ɓata. Rahoton da Farfesa Alison Wolf ta rubuta wa gwamnatin Ingila a 2011 ya nuna cewa ɗimbin matasa na kan kwasa-kwasan sana'a da takardunsu ba su da wata daraja a kasuwar aiki, ya kuma ba da shawarar duk wanda bai ci lissafi da Ingilishi ba ya ci gaba da su bayan ya kai shekara 16 da haihuwa. A Finland wanda ya gama ɓangaren sana'a yana da damar neman jami'a kamar kowa. Muddin iyaye suka ga ƙofar jami'a ba ta rufe ba, rabin gardamar ta mutu. Raba yara da ido ma, mata ɗinki maza walda, ba tare da an tambaye su ba, duk cikin wannan cutar yake.

Akwai kuma zaɓen sana'a ba tare da an leƙa waje ba. Makaranta ta gaji manhaja, tana koyar da abin da babu mai nema, ko ta yaye masu sana'a ɗaya ɗari a inda goma sun isa. Tun 1965 masanin harkar ilimi Philip Foster, bayan bincikensa a Gana, ya ja kunne cewa makaranta ba ta ƙirƙirar aikin yi. Yara inda suka ga samu suke bi, komai wa'azin da aka yi musu. Saboda haka kafin a buɗe aji, a zauna da masu ɗaukar ma'aikata a tambaye su wane hannu suke nema suna rasawa, kuma yaro nawa za su karɓa koyo. Sana'a biyu da aka riƙe da kyau sun ishi makaranta. Guda takwas a takarda kwalliya ce da ba za ta biya kuɗin sabulu ba.

Jarrabawa ita ke juya akalar duk wannan, domin abin da za a tambaya shi malam zai koyar. Idan tambayar ita ce "lissafa sassan zarto biyar", zanen allo zai ci gaba har abada. A Jamus ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke shirya jarrabawar ƙarshe ta 'yan koyo, ba makaranta ba. Ko ƙaramar makaranta za ta iya kwaikwayon wannan: a gayyato gwani daga waje wanda bai san yaran ba, a ba kowane yaro katako da zanen aiki da awa uku, gwanin ya ɗora ma'auni a kan abin da ya haɗa, ya girgiza shi ya ga ko zai tsaya.