Kurakuran da ake yi wajen neman abin da ya cinye wurin ajiyar kwamfuta

Yawancin waɗanda ke kawo mini kwamfuta suna kukan rumbun C, wato babban wurin ajiyar kwamfuta, ya cika har layin da ke ƙarƙashinsa ya koma ja, kafin su iso sun riga sun yi ɓarnar da ta fi cikar rumbun muni. Dalili ɗaya ne: suna fara gogewa kafin su auna. Mutum zai ɓata yini guda yana goge takardun Word da hotunan suna, alhali takarda ɗari ba su kai nauyin fim ɗaya ba, ya gama ya duba ya ga layin yana nan ja. Ni ba na taɓa komai sai na buɗe manhajar WizTree ko WinDirStat, waɗanda ke jera foldoji daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, kuma ina buɗe su ne da izinin mai kula da kwamfutar, wato administrator, domin in ba haka ba akwai wuraren da ba za su iya leƙawa ba. Wanda ba ya son saukar da wata manhaja ya shiga Settings, ya zaɓi System, sannan Storage, zai sami ƙididdigar da za ta ishe shi farawa.

Sai dai wannan awon shi ne yake kai wasu ga kuskuren da ya fi ƙona mini rai, wato goge duk abin da suka ga yana da girma. A cikin foldar Windows akwai wata mai suna WinSxS, wadda takan nuna gigabait masu yawa, kuma sunanta bai yi kama da abin amfani ba. A cikinta Windows ke ajiye sassan da yake sabunta kansa da su, yake gyara kansa idan wani abu ya lalace. Girman da take nunawa ma akwai ƙari a ciki, saboda fayiloli da dama guda ɗaya ne a rumbu amma ana ƙirga su a wuri biyu. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya taɓa ƙwace izinin wannan folda da ƙarfin tsiya, ya kwashe abin da ya iya daga kwamfutar wata malama da ke tsakiyar rubuta kundin digirinta. Da aka kashe aka kunna, kwamfutar ta ƙi tashi. Ni na kwana ina kwashe takardunta zuwa wani rumbu, na sake ɗora Windows ba tare da na karɓi ko kwabo ba, kuma duk da haka ba ta sake dawowa shagon ba. Don Allah, abin da ba ka san aikinsa ba mene ne na sa masa hannu? Windows yana da tasa tsintsiyar, wato manhajar Disk Cleanup. A buɗe ta, a danna Clean up system files, ita ta san abin da ya tsufa a WinSxS, ita za ta fitar da shi lafiya.

Haka abin yake ga manyan fayilolin nan biyu da ke ɓoye a bakin rumbun C. Pagefile.sys shi ne wurin da kwamfuta ke juye aiki idan RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake cikin yi, ya cika, ni ba na taɓa shi ko kaɗan. Hiberfil.sys kuwa yana riƙe da aikin da ke buɗe lokacin da kwamfuta ta shiga dogon barci, kuma ana kawar da shi ne da umarnin powercfg /h off. A kwamfutar tebur nakan kashe shi. A ta hannu nakan bar shi, domin a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, shi ne ke tserar da aikin mutum idan batir ya ƙare. Foldar Windows.old, wadda ke bayyana bayan babban sabuntawa, ita ce hanyar komawa tsohon tsari, kuma Windows kan share ta da kansa bayan kwana 10.

Wasu kuma sukan tara girman foldojin da suke gani, lissafin bai cika ba, sai su ce ƙwayar cuta ce. Sau da yawa abin yana cikin foldar AppData, wadda take a ɓoye sai an umarci kwamfuta ta nuna ɓoyayyun fayiloli. Can ne iTunes, manhajar kamfanin Apple, ke tara kwafin kayan wayar iPhone, kuma kwafi ɗaya yana iya kusan nauyin abin da ke cikin wayar gaba ɗaya. A nemi manhajar da ta tara kayan a rage su daga cikinta, kada a share AppData ɗungurungum.

Abin da aka goge yana nan a kwandon shara yana cin wuri har sai an zubar. Kayan da ke kan fuskar kwamfuta, wato Desktop, da na foldar Downloads duk a rumbun C suke. Manhajojin da ke alkawarin wanke kwamfuta da dannawa ɗaya ba na yarda da su. Wanda kuma ya sayi rumbu mai gigabait 500 ya ga 465, ba a cuce shi ba: kamfani yana ƙirga gigabait a kan bait biliyan ɗaya cif, Windows kuwa yana ƙirga shi a kan 1,073,741,824, don haka babu wani wurin da ya ɓata da za a je nema.