Yadda Ake Renon Tumatir da Attaruhu a Gado Ba Tare da Leda Ba

Masu fara lambu da yawa suna zaton sai sun sayi baƙar ledar reno kafin su samu dashe mai kyau, alhali manoman rani na Kura da Kadawa, a jihar Kano, a ƙasa suke renon tumatir da attaruhu, kuma kayan aikin bai wuce fartanya da taki da busasshiyar ciyawa ba.

A tayar da gado mai faɗin mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiyarsa ba tare da an taka shi ba, a gauraya ƙasar da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro, don haka ko kyauta aka samu kada a zuba shi. A ja layuka da tsinke, tazarar santimita 10, a zuba iri sama-sama, a rufe da turɓaya kaɗan, sannan a shimfiɗa ciyawa a yi ban ruwa a kanta. Gwangwanin da aka huhhuda gindinsa da ƙusa ya wadatar wajen ban ruwan, ba sai an kashe kuɗi ba.

Inda aka fi tafka asara shi ne wajen ɗage ciyawar. Tumatir yakan fito cikin kwana 5 zuwa 10, attaruhu kuwa yakan jinkirta. Tun daga kwana na huɗu a riƙa ɗaga gefen ciyawar kowace safiya ana leƙawa, kuma da zarar an ga tsiro ya hudo ƙasa, kansa a lanƙwashe kamar ƙugiya, a kwashe ta a ranar. Wanda ya ƙara kwana biyu zai tarar tsiron ya yi tsawo, siriri, ganyensa rawaya, kuma zafin rana ɗaya ya isa ya kwantar da shi. A madadin ciyawar a kafa 'yar rumfar karan dawa wadda rana ke ratsawa. Ruwa kuma da safe kawai nake ba da shawara, domin gadon da ya kwana a jagwaɓe shi ne tsironsa ke ruɓewa daidai bakin ƙasa.

Ana saura mako guda a yi dashe a cire rumfar, a rage ruwa. Tumatir yana isa dashe a mako 3 zuwa 4, attaruhu wajen mako 6. A jiƙa gadon, a ciro kowane da ƙasar saiwarsa, a dasa da yamma.