Marfin biro mai nutso a cikin gorar ruwa

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman iyaye da malaman firamare. Ga wani gwaji da na yi wa yarana ranar Asabar, ko sisi ban kashe ba.

Ku samo gorar ruwa ta roba mai lita 1.5, da marfin biro, da cingam da aka tauna. Ku toshe 'yar hudar da ke saman marfin, ku manna ɗan dunƙulen cingam a jelarsa, amma bakinsa na ƙasa ya zauna a buɗe. Ku fara gwadawa a kofi: so ake ya tsaya a tsaye, kansa kaɗai ya leƙo saman ruwa. Nan ne aikin yake. Ni karon farko na cika cingam, ya lume ƙasan gora, sai da na juye ruwan kaf kafin na ciro shi.

In ya daidaita, ku cika gorar maƙil, ku jefa shi, ku murɗe murfinta tam. Ku matse gorar da hannu biyu, zai yi ƙasa. Kuna saki, ya taso.

Iska ce ta maƙale a cikin marfin. Ruwa ba ya matsuwa, don haka matsin hannu yakan bi ta ruwan ya takure iskar, ruwa ya kutsa ciki. Da marfin ya fi ruwan da ya ture nauyi, sai ya nutse. Haka jirgin ƙarƙashin teku ke nutsewa, tankunansa yake cikawa da ruwa.

Don Allah kada ƙananan yara su sa marfin a baki, yana iya shaƙe su.