Kurakuran da aka fi yi wajen ƙawata kusurwar falo da shukar roba

Mai sayen shukar roba ganye yake dubawa, ya ga ko ya yi kama da na gaske. Amma idan ta shigo falo, abin da ke saurin tona asirinta shi ne gindinta, da tsayinta, da yadda aka girke ta a kusurwa. Mai araha da aka gyara mata wuri takan fi mai tsada da aka cusa a lungu kyan gani.

Barin ta a 'yar tukunyar da ta zo da ita

Wannan ne babban kuskure, kuma shi aka fi yi. 'Yar baƙar tukunyar nan, wadda faɗin bakinta yawanci bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, an cika ta da siminti ne don ta riƙe karan shukar kawai. Itace mai tsayin mutum ba zai rayu a wannan ɗan mazubi ba, kuma ido yana gane haka nan take ko da mai kallo bai san abin da ya dame shi ba. Ga shi ko yaro ya goga mata sai ta kife.

Shuka mai tsayin santimita 150 zuwa 180 tana son tukunya mai faɗin baki santimita 30 zuwa 40. A fara zuba busasshen yashi a ƙasan babbar tukunyar, kamar kilo 4 ko 5, domin nauyin ya zauna a ƙasa. A ɗora 'yar tukunyar a kai, a daidaita ta yadda bakinta zai tsaya santimita 3 zuwa 5 ƙasa da bakin babbar. Idan tukunyar ta yi zurfi, a sa bulo ko a kifa ƙaramin bokiti a ciki ya ɗaga ta. A cusa soso ko dunƙulallun takardu a gefe da gefe har sai an girgiza karan bai motsa ba, sannan a rufe sama da tsakuwa ko ɓawon itace, simintin ya ɓace ɓat.

Wasu kan zuba ƙasa mai danshi wai don abin ya ƙara kama da gaske. Danshin ba shi da saiwar da za ta shanye shi, sai ya kawo fumfuna da ƙananan ƙwari, ya kuma sa wayar da ke cikin karan ta yi tsatsa. Idan kwando ne za a sa maimakon tukunya, a yanka kwali daidai da bakinsa, a tsaga shi zuwa tsakiya don karan ya shige, a baza tsakuwar a kansa. Gidan da ke da mai rarrafe kuwa, manyan duwatsun da ba za su shiga baki ba su ne daidai, kuma a ɗaure karan da siririn zare mai ƙarfi a jikin ƙugiya a bango.

Fito da ita daga kwali a ajiye haka nan

A masana'anta matse rassan ake yi sama don su shiga kwali, shi ya sa take fitowa a tsuke kamar tsintsiya. Kowane reshe akwai waya a cikinsa, an yi shi ne don a lanƙwasa. Aikin kan ci rabin awa, kuma babu abin da ke sauya kamannin shukar kamarsa.

A fara daga rassan ƙasa a hau sama. Na ƙasa su fi buɗewa su ɗan sunkuya, na tsakiya su rabu da kara da kamar digiri 45, na can sama su miƙe. A sa babban yatsa a ƙarƙashin reshe a bi shi a hankali ya yi baka. Kada a karya shi a wuri guda, domin wayar da aka yi ta lanƙwasawa a wuri ɗaya tsinkewa take yi, reshen ya saki. Bayan manyan rassa sai ƙanana, sai ganyen ɗaya bayan ɗaya, a juya fuskarsu sama da wajen taga, yadda mai rai ke bin haske. Kada kuma a daidaita hagu da dama cif. Shukar gaske ba ta fitowa haka.

Ganyen roba da ya yamutse, a hura masa na'urar busar da gashi a ƙaramin zafi daga nisan santimita 20 na 'yan daƙiƙu, a miƙar da shi da yatsa, a riƙe har ya huce. Na yadi tururi ya fi yi masa. Takardar farashi da zaren gam da ke maƙale a gindin ganye, a bi su da almakashi.

Saye ba tare da awo ba

A auna daga ƙasa zuwa silin kafin a fita. Shukar da tukunyarta su kai kusan kashi biyu cikin uku na wannan tsayin: silin mai santimita 270 yana ɗaukar shuka mai 180. Wadda ta taɓo silin tana sa ɗaki ya zama kamar ya gajarce, don haka a bar aƙalla santimita 30 a sama. Gajeriyar da ta ɓuya a bayan hannun kujera, a ɗora ta kan ɗan teburi ko kujerar katako.

Faɗi ma haka. Mai kama da dabino tana son fili kusan mita ɗaya. Inda tsakanin kujera da bango bai kai santimita 60 ba, gora ko moɗa ko siririn zaitun ne za su shiga. A janye tukunyar santimita 10 zuwa 15 daga kowane bango don ganyen ya sake, a kuma tabbata ba ta tare soket, labule ko buɗewar ƙofa ba.

Cika kusurwa huɗu duka da shuka yawa ne. Ɗaya ko biyu sun isa. Idan ana son tari a wuri guda, uku masu tsayi daban-daban sun fi biyu masu kai ɗaya.

Rana, zafi da duhu

Rana mai dukan taga kai tsaye tana koɗar da launin, koren ya koma shuɗi-shuɗi, robar ta bushe ta fara tsagewa, kuma wannan ba ya gyaruwa. A sa labule mai shara-shara, a riƙa juya tukunyar duk bayan wata biyu ko uku don kada gefe ɗaya ya koɗe shi kaɗai. Kyandir, hita da ƙwan lantarki mai zafi, a nesanta su da ita, roba narkewa take yi kuma tana cin wuta.

Kusurwa mai duhu ita ma tana da nata. Fure jajir ko shukar hamada mai ƙaya a inda haske ba ya kaiwa, kowa ya san ba za su rayu ba. Moɗa da ire-iren masu jure inuwa sun fi dacewa. Ƙaramar fitilar LED mai wat 3 zuwa 5 a ƙasa bayan tukunya, tana kallon sama, takan zana inuwar ganyen a bango. A zaɓi mai haske ruwan ɗorawa, wadda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinta, domin farin haske tas ƙyallin robar yake fitowa da shi.

Ƙura, da yadda ake ɓata shuka wajen goge ta

Duk mako biyu a kaɗe ta daga sama zuwa ƙasa da busasshen tsumma mai laushi, a shiga tsakanin ƙananan ganye da burushin fenti. A fara kaɗewa kafin a kawo ruwa, in ba haka ba ƙurar caɓo za ta zama a kan ganyen. Sau biyu ko uku a shekara a goge ganyen roba da ruwa mai ɗumi-ɗumi lita ɗaya da ɗigon sabulun wanke-wanke biyu ko uku, a bi da tsumma mai ruwa zalla. Ganyen yadi a fara gwada ɗaya na can baya, saboda wasu suna zuba, kuma jiƙa su sharkaf yana sakin gam. Bilic yana cinye launi. Man da wasu ke shafawa don ganye ya yi sheƙi kuwa ƙura yake kamawa, kafin wani lokaci ganyen ya yi danƙo, sai an sake wanke shi da sabulu.