Kafin Ka Ce a Cire Haƙorin Nan

Ina aikin taimaka wa likitan haƙori a nan Kano, kuma da wuya rana ta faɗi wani bai shigo dafe da kunci ba yana cewa, "Don Allah a cire min shi in huta." Da yawansu kuwa ana iya ceto haƙorin ta hanyar wankin jijiya, wato a kwashe jijiyar da ta lalace a cike gurbinta, haƙorin yana nan.

A tsakiyar haƙori akwai ɓargo mai jijiya da jini. Idan rami ya ci har can, ko haƙorin ya tsage, sai zugi ya kama: ya tashe ka da tsakar dare, ka kurɓi shayi mai zafi ya daɗe bai lafa ba, dasashi ya kumbura har ya tara mugunya. Kanumfari zai rage raɗaɗi na ɗan lokaci. Ruwan batir da wasu ke ɗigawa kuwa ƙone dasashi kawai yake yi, don Allah a daina. In ciwon ya ɗauke da kansa, kada ka saki jiki. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, cutar kuma tana can tana cin ƙashi a ƙasan saiwa.

Ka je sashen haƙori na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ka karya tukuna, kuma ka sanar da likita in kana da ciwon suga ko hawan jini, mata kuma su faɗa in suna da juna biyu. Za a ɗauki hoto, a yi allurar kashe zafi, a huda saman haƙorin, a kwashe ɓargon da wasu siraran ƙarafa, a wanke a cike da wata irin roba. Haƙorin gaba yawanci hanyar jijiya ɗaya gare shi, turmi kuma 3 ko 4, shi ya sa yake ɗaukar zama fiye da ɗaya.

Inda mutane suka fi ba ni tausayi shi ne bayan zama na farko. Zafi ya tafi, sai mutum ya ɗauke ƙafa da cikon wucin gadi a baki, ranar da ya tauna ƙashi ko rake haƙorin ya rabe biyu, dole a cire. Ka koma a ƙarasa, a sa wa turmin hula, wato murfin da ke rufe shi don kada ya fashe, kafin nan ka riƙa tauna ta ɗaya gefen.

In kumburi ya gangaro ƙasan haɓa, ga zazzaɓi, haɗiya tana wuya, a tafi asibiti a daren nan.